Kaben Gonar Koko

Jikokina da abokansu sun ce wai sayar da kayan ƙamshi ba sana'a ba ce. Wai ka sayi buhu, ka ƙulla a leda, ka zauna kana korar ƙuda. Ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi ko akuya aka ɗaure a gaban tebur za ta iya, in dai an koya mata gaisuwa. To, ku zauna ku ji. Ni ma haka na ɗauka a dā, kuma sai da na lalata walimar mutum guda, da raguna biyu a ciki, kafin na gane.

Sunana Iddi. A Akwatialine, wata unguwa ta Zangon Kumasi inda baƙi Musulmi ke zaune, aka haife ni, mahaifina mutumin Salaga ne. Ina da shekara ashirin da biyu aka kore ni daga aikin lori, saboda direban ya ce barcina ya fi na fasinja. Kawuna ya kama hannuna ya kai ni babbar kasuwa, layin 'yan yaji, wajen wani tsoho Bazabarme da ake kira Baba Hamadu. Dogo ne siriri, kunnensa na hagu ba ya ji, kuma ba ya faɗin magana sau biyu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Kana cin goro?"

Na ce, "Kaɗan-kaɗan, Baba."

Ya ce, "Daga yau babu. Mai cin goro ba shi da harshe."

Aikina na farko daka barkono ne, kuma shi na yi shekara uku. Turmi biyu gare mu, ɗaya na barkono, ɗaya na kayan ƙamshi, kuma ranar da na kuskure na daka kanumfari a turmin barkono sai da Baba ya sa na wanke shi sau bakwai da ruwan zafi kamar kare ya lasa. Akwai rariya uku, mai laushi da mai tsaka-tsaki da mai manyan ido. Akwai faifai na shiƙa, da gwangwanin madara na awo, da kwalin ashana na auna abu mai tsada. Leda babu a lokacin. Takardar buhun siminti muke yankawa, mu karkaɗe, mu naɗe kamar mazurari. In ka iya naɗi, ko jifa aka yi da ƙullin ba zai zube ba. Ni kuwa wata shida ƙullina yana buɗewa a cikin kwandon mata, suna dawowa da masoro a cikin garin masara suna zagin iyayena.

Bayan barkono sai hanci. Baba yakan sa in rufe ido, ya miƙo abu a tafin hannunsa. In na ce citta ce, sai ya ce, "Ta ina?" Domin citta ba ɗaya ba ce. Ta tudu daban, ta fadama daban, ta bara daban da ta bana. Kimba ma haka, masoro ma haka. In na kuskure ba ya duka. Sai ya juyo mini kunnen hagu, ya bar ni ina ta bayani.

A cikin duk kayan rumfar, abin da Baba ya fi ji da shi shi ne kabe. Ba kabewa ba, kada ku yi mini dariyar jahilci. Kabe sunan da Zabarmawa ke kiransa ke nan. Wani abu ne mai launin toka, busasshe, mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar ɓawon da aka kankaro. A jikin itace yake fitowa, wani a kan dutse, irin gansakukar nan da ke manne wa bishiya kamar furfura. Ba ganye ba ne, ba saiwa ba ne, ba ya fure. In ka shinshina shi haka ba za ka ji wani abin kirki ba, sai ƙamshin ƙasa kaɗan. Amma a murza shi a cikin miyar nama, sai dukan unguwa ta san ana biki. Matan Zabarmawa ba sa yarda su ɗora tukunyar taro babu shi, daga wurinsu kuma sauran matan Zango suka koya. Daga arewa mai nisa yake zuwa, hannu zuwa hannu, ya sauka Gao, ya biyo Yamai, ya iso mana a saman lorin albasa.

Duk sanda sabon buhu ya iso, Baba yana da wata al'ada. Zai ɗebo ɗan kaɗan daga sama, daga tsakiya, daga ƙasan buhu, ya zuba a farin faranti na tangaran. Sai ya ciro wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa daga aljihun 'yar cikinsa, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowanne, ya tsura ido yana motsa baki. Bayan ɗan lokaci ya gyaɗa kai, ko kuma ya ce a mayar wa mai shi. Shekara takwas ina kallon wannan. Ban taɓa tambaya ba, domin na riga na yanke wa kaina cewa rubutun sha ne na neman kasuwa, irin na tsofaffi. Motsin bakin nan na ɗauka addu'a ce. Ashe ƙirga yake yi.

Sai ga ƙarshen 1969. Rediyo ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Ku da aka haifa daga baya ba za ku gane yadda Zango ta koma ba. Gadaje da kekunan ɗinki a bakin titi ana neman mai saye. Mutumin da ka tashi kana gani tun kana rarrafe, sai ka ji wai baƙo ne. Baba Hamadu ya zo Kumasi tun kafin a haife ni, amma takarda ɗaya da ya mallaka ita ce ta buhun siminti. Ya miƙa mini makullin rumfa ya ce in riƙe har Allah ya yi ikonsa.

Ranar tafiyarsa na raka shi tashar lori ta Race Course. Mutane a saman kaya, kaya a saman mutane. Da safen nan, ina share rumfa, na ga ya bar 'yar kwalbar a kan faranti. Na ce wayyo, tsoho ya manta da asirinsa. Na sa ta a aljihu. Sai da ya hau can ƙololuwar lori, injin ya tashi, sannan na tuna. Na ɗaga ta sama na yi ihu, "Baba! Ka manta!" Na cilla masa, ya cafe. Ya duba, ya zaro ido, ya cillo mini ita. Na ce a raina, ji kunya irin ta manya, ba ya son ya bar ni hannu wofi. Na sake cilla masa. Ya sake jefowa, yana faɗin wata magana da ƙarar inji ta haɗiye. Karo na uku na yi jifa da dukan ƙarfina daidai lokacin da lorin ta ja, kwalbar ta faɗa cinyar wata mata a bayansa. Abin da na gani na ƙarshe shi ne Baba Hamadu ya ɗora hannu biyu a ka. Na koma gida ina gaya wa mutane yadda tsoho ya yi baƙin cikin rabuwa da ni.

A hanyar komawa na sayi goro.

Watannin da suka biyo baya kasuwa ta mutu. Masu kawo kaya sun tafi, rabin masu saye sun tafi. Citta da barkono ana samu daga ƙauyukan kusa, amma duk abin da ke biyo hanyar arewa ya yanke. Kaben da Baba ya bari na riƙa tsakura ina sayarwa da kwalin ashana, har ya zama saura gari a gindin buhu.

Ana haka, bayan Babbar Sallah da 'yan makonni, sai ga Mma Zainabu. Ita ce mai dafa abincin taro a Akwatialine da kewaye, biki ko suna ko sadaka. Mace ce mai jiki, mai murya, in tana ciniki a layinmu 'yan layin kifi suna ji. Duk inda ta sayi kaya, nan matan Zango suke saye. In ta juya wa rumfa baya kuwa, mai ita ya fara neman wata sana'a. Ta tsaya a gabana ta ce, "Kai Iddi, Alhaji Garba mai goro zai sauka daga Makka ranar Asabar ta sama. Raguna biyu za a yanka. Har manyan mutane daga Manhyia, fadar sarkin Asante, za su zo. Ina son kabe cikin gwangwani shida. Akwai ko babu?"

Maƙwabcina na dama, wanda tun tafiyar Baba yake jiran ya ga na faɗi, ya daina awo ya kasa kunne.

Na ce, "Akwai, Mma."

Ta ce, "Na zaga kasuwa duka an ce babu."

Na ce, "Su ne ba su da shi. Baba ya bar mini hanya."

Ta ce, "Yoo. Alhamis zan aiko."

Tana tafiya na zazzage buhun a faranti. Abin da ya fito bai cika cokali ba. Ina zaune na tasa shi a gaba sai Kwaku ya leƙo. Kwaku Ba'asante ne, sa'ana, yana sayar da fitilun ƙwai da lagwani a bakin layinmu, kuma kullum a rumfarmu yake fakewa in ana ruwa. Ya ɗauki ɗan guntu ya jujjuya, ya ce, "Kramo, wannan dattin kake yi wa zaman makoki?" Kramo suke kiran Musulmi.

Na ce, "Wannan dattin daga bayan hamada yake zuwa."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ei! Hamada! Wannan ai shi ne ya cika bishiyoyin koko a gonar kawuna. Kullum yana zaginsa. In kana so, lori guda za ka samu."

Washegari muka shiga mota zuwa ƙauyensu, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Kawun nasa, Wofa Yao, gajeren tsoho ne mai adda a hamata. Ya kai mu cikin gona, na ɗaga kai. Ga shi nan a kowane reshe, launin toka, mai lanƙwasa, sak na rumfar Baba. Na ce a raina, shekara arba'in tsoho yana jiran lorin albasa, alhali abin yana bayan gida.

Wofa Yao ya tambayi Kwaku da yarensu na Twi, Kwaku ya fassara mini. "Wai nawa za ka caje shi?"

Na ce, "Caji na me?"

"Na kankare masa bishiyoyi."

Na ce a gaya masa kyauta ne. Tsoho ya dube ni, ya dubi Kwaku, ya tambaya a hankali ko ina da lafiya. Da aka ce masa ci za a yi, sai ya matsa baya taku biyu. Amma ya kawo mana wuƙaƙe, matarsa ta dafa mana doya da miyar ganye, har maƙwabcinsa ya zo yana roƙon in an gama a biya ta tasa gonar. Muka cika buhu biyu. Na shanya shi a kan kwanon ɗakinmu kwana uku.

Yanzu za ku ce, kai da aka koya wa hanci da harshe, ba ka ɗanɗana ba? Na ɗanɗana. Na tauna guntu, na ji ɗan ɗaci-ɗaci, na ce ai na goron da ke bakina ne. Domin tun tafiyar Baba ban wuni babu goro a kumatu ba, ina rama na shekara takwas. Ƙamshin kuma na ji bai kai ba, sai na zuba garin nan na gindin tsohon buhu a sama, na cika wa Mma gwangwani bakwai maimakon shida, don ta san da wa take ciniki.

Ranar Asabar na sa babbar rigata mai aiki a wuya, na tafi walima. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gidan Alhaji har bakin kwata. Alhaji Garba yana zaune a tsakiya da farin rawani da sabon haƙorin zinariya, yana murmushi ta gefe ɗaya don a gani. Kusa da shi liman, sai dattawa uku daga Manhyia da manyan zannuwansu a kafaɗa, abokan cinikinsa na goro. Ni kuwa duk wanda ya zauna kusa da ni sai na gaya masa cewa ƙamshin da zai ji yau daga rumfata ya fito.

Bayan Azahar aka fara fito da abinci. Shinkafa a manyan tasoshi, miyar tumatir ja wur a kai, nama tsoka-tsoka. Liman ya yi addu'a. Aka sa hannu.

Loma ta farko na ji kamar an matsa mini maɗaciyar akuya a harshe. Ɗacin bai tsaya a baki ba, ya gangara maƙogwaro ya zauna, ya hau ta bayan kunne. Na ɗaga ido a hankali. Mutum sama da ɗari suna tauna, kuma babu mai kallon wani. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar haɗiya.

Wani daga bayan layi ya raɗa wa na kusa da shi cewa wataƙila kayan ƙamshin Makka ne Alhaji ya zo da su. Maganar ta bi tabarma kamar wuta a ciyawa. Nan take fuskoki suka canza. Wa zai ce abin Makka ba daɗi? Wani ya ce, "Masha Allah." Wani ya ce ya ji ciwon bayansa ya fara sauka. Liman ya haɗiye loma da ƙyar, hawaye na bin gemunsa, ya ce lalle abin da ya fito daga wuri mai albarka ba ya kama da na gida. Babban dattijon Manhyia, mutum mai ladabi, ya share ido da gefen zane ya juya wajen Alhaji ya ce, "Eye de paa," wato akwai daɗi ƙwarai. Alhaji kuwa, da ya san bai kawo komai ba sai dabino da zamzam da tasbaha, ya kasa cewa e, ya kasa cewa a'a. Murmushin dai ya rufe, haƙorin ya ɓace.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila har yau ana neman irin wannan yaji a Zango. Amma akwai wani tsoho mai gadin sito, Baba Salifu, kurma ne sosai, bai ji zancen Makka ba. Ya tofar da lomarsa ya ce da muryar da kurame ke magana da ita, "Wannan miya ce ko kwinin? Wa ke zazzaɓi a gidan nan?"

Daidai nan sai ihu ya tashi daga cikin gida, wajen mata.

Abin da ya faru shi ne, Mma Zainabu ta bar miyar kuɓewa ta tuwo a ƙarshe, don kada ta tsinke. Ta zuba sauran kaben, ta kawo jiƙaƙƙiyar kanwa ta tsiyaya. Tana juyawa sai miya ta yi rawaya. Ta ƙara juyawa, sai ta fara ja, ta yi ja, har ta koma kamar an yanka rago a cikin tukunya. Wata ta ce sammu ne. Wata ta ce ai dama ta yi mafarki. Wata tsohuwa ta fara salati tana neman takalminta. Mma ba ta yi ihu ba. Ta lakato miyar ta ɗanɗana, ta je ta lakato ta tumatir da aka riga aka fitar, sannan ta ɗauki muciya ta fito wajen maza, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Ina Iddi?"

Mutanen da na gama yi wa alfahari duk suka nuna ni da yatsa, da hannun miya.

Na yi niyyar gudu, amma babbar riga ba ta san gudu ba. Ta kama ni ta aikin wuyan, ta ja ni har tsakar gida, ta zaunar da ni a kan turmi a gaban mata. Ta ce, "Daga ina?"

Na ce, "Mma, hanya ce Baba ya..."

Ta ɗaga muciya. "Daga ina?"

Na ce, "Gonar koko."

Ta cika kwano da jar miyar nan, ta ɗora malmalar tuwo biyu, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Shekara ashirin ina dafa wa Zango abinci, ba a taɓa tofar da lomata ba sai yau. Bismilla. In ka rage, akwai ƙari."

Na cinye. Mata suna kewaye da ni suna ƙirga loma. A waje kuma aka aika a sayo burodi da sukari da ganyen shayi, aka wanke naman da ruwan zafi aka soya. Haka manyan baƙin Alhaji suka yi walimar saukowa daga Makka da shayi.

Daga ranar sunana ya koma Iddi Kwinin. Mako uku babu macen da ta tsaya a rumfata, ko gishiri ba a tambaya. Maƙwabcina na dama ya ƙara tebur. Kwaku ya daina fakewa a wurina ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya wuce da sauri yana kallon sama.

Wadda ta fara tsayawa ba saye ta zo yi ba. Mma Fati ce, mai yin sabulun salo a bayan masallacinmu. Ta ce, "Ɗana, wata huɗu ba ka zo an cika maka kwalba ba. Ko ka sami wata mai toka?"

Na ce, "Wace kwalba?"

Ta ce, "Ta Baba Hamadu mana. Ruwan tokar da nake tacewa na sabulu, mai ƙarfin nan na farko. Duk wata yake zuwa in cika masa. Ya ce da shi yake gane kaben ƙwarai da na banza. Ai ya ce mini ya bar maka ita a kan faranti."

Na tuna hannu biyu a ka a saman lori.

Da yammar nan na je da kwalbar magani wadda na wanke, ta cika mini. Na kakkaɓe tsohon buhu na sami ɗan ɓurɓushi na kaben Baba, na sa a gefe ɗaya na faranti, na gonar koko a ɗaya gefen. Na ɗiga. Na Baba ya yi ɗan rawaya mai haske ya tsaya nan. Na Wofa Yao ya yi rawaya, kafin in ƙirga talatin ya koma ja kamar jini. Abin da na tsallake ke nan. Ɗigo ɗaya da ƙirga talatin.

Tunda babu ciniki, sai na mai da abin aikin yi. Na riƙa zuwa Race Course ina roƙon direbobin da na sani tun ina aikin lori, duk inda suka tsaya yin fitsari su kankaro mini irin wannan abu, su faɗa mini daga ina. Suka ɗauka walimar ce ta taɓa mini kai, amma suka kawo. Na jikin kaɗanya daga wajen Tamale, na kan duwatsun Bolga, na kwakwar bakin teku, na manyan itatuwan kurmi. A ido, da yawansu 'yan uwan juna ne. A faranti kuwa kowa da halinsa. Wani rawaya, wani ja, wani ruwan goro, wani ko gezau. Na daina cin goro, harshena ya dawo, na riƙa taɓa kowanne da ƙarshen harshe ina tofarwa. Wani ɗaci, wani lami kamar takarda, wani yana sa leɓe ƙaiƙayi. Ko ɗaya babu mai ƙamshin na arewa.

Wani malamin kimiyya da ke sayen citta a wurina ya tarar da ni a kan wannan, ya ja kujera ya zauna. Shi ya gaya mini cewa abin nan iri-iri ne, sun fi a ƙirga, kuma kowane iri yana haɗa nasa sinadarin a jikinsa don ya kare kansa, wani daga zafin rana, wani daga ƙwari da dodon koɗi masu cinsa. Na ƙasa mai sanyi da tsauni abin da yake tarawa daban, na kurmi mai ruwa daban. Wani sinadarin ƙamshi ne, wani ɗaci, wani rini, wani ma guba ne. Ya ce su ma a ɗakin bincikensu da ɗigo suke fara rarrabe su, ruwansu dai ya fi nawa tsabta. Ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce wani tsoho ne da bai taɓa shiga aji ba. Ya ce, "To ka gode wa Allah na kawun abokinka mai ɗaci ne kawai."

Saura buhu biyu na jan kaben nan a ɗakina, matata tana cewa ko ni ko su. Wanda ya raba mu wani baduku ne mai yin takalma da gidan wuƙa. Labarin miyar ya kai masa, shi kuma jan rinin da yake samu daga arewa ya yanke kamar yadda kabena ya yanke. Ya karɓi kaɗan ya tafasa da toka, ya tsoma fata, ta fito ja mai duhu, kyakkyawa. Ya kwashe buhunan, ya ce in ƙaro. Haka na koma gonar Wofa Yao sau da yawa a shekarar, da ta maƙwabcinsa, kuma da wannan muka ci tuwo har damina ta wuce. A ƙauyen har yau in an ga mutum yana aikin banza sai a ce ya zama Kramo mai aske bishiya.

Wajen ƙarshen 1970 hanya ta ɗan buɗe. Wata lorin albasa ta iso da rabin buhu na kabe da sunana a jiki. Direban ya ce Baba Hamadu yana gaishe ni, yana nan ƙauyensu a bakin kogi, kuma ya ce a gaya mini labarin miyata ya riga lorin nan isa Yamai da wata biyar. Ban tsaya jin sauran ba. Na ɗebo daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa, na ɗiga, na ƙirga. Rawaya mai haske.

Na auna gwangwani guda na kai wa Mma Zainabu har gida da kaina. Ta bar ni a tsaye a rana tana tsince shinkafa, kamar ba ta ga mutum ba. Can ta ce, "Na gonar wa ne wannan karon?"

Na ce, "Na hanya ne, Mma. Na gwada."

Ta ce, "Tauna in gani."

Na ɗebi guntu na tauna. Ta tsura wa fuskata ido, tana jiran ta ga ta yamutse. Ba ta yamutse ba. Ta karɓi gwangwanin ta shinshina, ta ce, "Gobe zan zo kasuwa." Ta zo, kuma da ta tsaya a rumfata tana ciniki da muryar nan tata, kafin La'asar matan Zango sun dawo.

Amma ba ta taɓa yafe taunar ba. Shekara ashirin da wani abu tana saye a wurina, kuma kowane zuwa, ko kasuwa ta cika maƙil, ko ina tare da baƙi, sai ta ce, "Tauna in gani." Na yi aure na biyu, na yi furfura, na je Makka na dawo ana ce mini Alhaji, duk bai hana ba. Da ƙafa ta gaza mata, 'yarta take aikowa, da umarni iri ɗaya. Na ɗauka da rasuwarta, Allah ya jiƙanta, an rufe maganar.

Watan jiya wata yarinya mai gilashi ta tsayar da mota a bakin layi, ta shigo tana duba waya. Ta ce kabe take so na bikin ƙanwarta. Na auna, na ƙulla, na miƙa. Ba ta karɓa ba. Cikin jin kunya ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ni ban san dalili ba. Amma a gidanmu an ce in an zo wurinka, wai sai ka tauna tukuna."

Haƙorana huɗu suka rage. Na kwance ƙullin, na tauna.